Mu tafi da babbar 'yarmu Ingila yanzu, ko mu bar ta ta kammala sakandare a Gombe?

Uwar yara uku, Tudun Wada, Gombe:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana, shawara nake nema, musamman daga mutanen Gombe da Bauchi da suka kai iyalinsu Ingila, da kuma malamanmu na gida da suka san kan karatun sakandare.

Maigidana ma'aikacin jinya ne. Bayan Babbar Sallah ya tafi birnin Bradford, inda ya samu aiki a wani asibitin gwamnati. Yanzu ya kama gidan haya, yana so ni da yara mu same shi a watan Janairu idan Allah ya kai mu. Ƙananan biyu ba su tayar mini da hankali sosai ba: namijin ya cika shekara 9 a watan Afrilu, autar kuma ta cika 5 a Oktoba. Babbar ce ta hana ni barci. Ta cika shekara 14 a watan Yuni, ta ci jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ta shiga SS1 ɓangaren kimiyya a Satumba, kuma tun tana firamare ba ta da zance sai na aikin likita. A Islamiyya tana hadda, ta wuce izu 20.

Hajiya, mahaifiyar maigidana da ke zaune a Jekadafari, ta ce mu tafi da ƙananan mu bar mata babbar, ta zauna a wurinta har ta rubuta WAEC ta kuma sauke haddarta, daga baya ta biyo mu. Hujjarta ita ce yarinyar da ta fara zama budurwa ba a kai ta inda ba a san tarbiyyar mutanen wurin ba. Shi kuwa maigida ya ce ba zai raba 'ya'yansa gida biyu ba, amma ba ya son ya yi wa mahaifiyarsa musu, sai ya bar maganar a hannuna. Har yanzu ba mu nemi bizar kowa ba, saboda wannan batu muke jira ya warware.

Abin da nake son sani shi ne, idan muka isa a tsakiyar shekarar karatu, wane aji za a sa ta, kuma za ta iya kamo sa'o'inta? Idan kuma muka bar ta, me za ta rasa? Sannan ina son jin yadda zaman yake ga yaran da suka taso cikin dangi da maƙwabta irin namu. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mutuniyar Bauchi mazauniyar Leeds:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, tsakanina da Bradford tafiyar kusan minti 20 ce a jirgin ƙasa, kuma 'ya'yana duka a makarantun gwamnatin nan suke, saboda haka bari in fara da lissafin aji, domin a kansa komai ya rataya.

A Ingila ba a duba ajin da yaro ya baro a gida, ba a kuma yi masa jarrabawar shiga domin a san inda za a ajiye shi. Ranar haihuwa kawai ake dubawa, a ga shekarunsa nawa a ranar 31 ga Agusta. Bisa abin da kika faɗa, autarki za ta shiga ajin share fagen firamare, namijin aji na 5, babbar kuma aji na 10. Jarrabawar GCSE, wadda ita ce takwarar WAEC a nan, karatun shekara biyu ne, aji na 10 da na 11, ana rubuta ta a watannin Mayu da Yuni na ƙarshen aji na 11. Idan kuka zo a Janairu, zango ɗaya ya wuce ta, yarinya mai ƙoƙari kuma tana iya cike wannan giɓi. Idan kuka ce bari ta gama SS1 ta zo a Satumba mai zuwa, to aji na 11 za ta faɗa, ga jarrabawa saura wata takwas, makarantu da dama kuma ba sa murna da karɓar sabon ɗalibi a wannan aji. Saboda haka zaɓin biyu ne kawai: ko yanzu, ko bayan WAEC. Tsaka-tsakin shi ne mafi muni.

Neman gurbi a tsakiyar shekara ta hannun ƙaramar hukumar birnin ake fara shi, ta intanet, kuma abin da za su fi nema shi ne shaidar adireshi, wato takardar yarjejeniyar haya ko ta harajin gida. Karatun kyauta ne ga yaran da suka shigo da bizar iyayensu. Sai dai a tsakiyar shekara makarantun da ake rububi a cike suke, kuma ba mamaki a ba yaranki na firamare makarantu biyu daban-daban, ki riƙa gudu tsakanin ƙofa biyu da ƙarfe uku na rana. Maigida ya buɗe rahoton Ofsted, hukumar da ke duba ingancin makarantu, a kan makarantun unguwarsu tun yanzu, ya kuma taka da ƙafarsa ya tambayi inda ake da gurbi.

Game da zama, ba zan ɓoye miki ba, watan Janairu shi ne mafi wuyar sauka. Gari ba ya wayewa sosai sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu da rabi kuma duhu ya rufe, ga yayyafin da ba ya ƙarewa. Rigar sanyin da kike sa musu lokacin hunturu a Gombe ba ta isa komai ba, kada ki ɓata kuɗinki a kasuwa, ki bari sai kun zo. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar shan sinadarin bitamin D, musamman ga masu baƙar fata irinmu, saboda ƙarancin rana. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji ki zo da su, amma kilishi da man shanu doka ta hana shigowa da su, za a ƙwace a filin jirgi.

Akwai abin da ban taɓa zaton zai zama matsala ba. A taron iyaye na farko, malamar ɗana ta ce mini yaron yana da ƙoƙari, amma tana jin kamar yana ɓoye wani abu, domin duk lokacin da take masa magana sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Sai da na zauna na yi mata bayani cewa a wurinmu yaron da ya zuba wa babba ido shi ne marar kunya. Ta yi mamaki ƙwarai, ta ce a wurinsu wanda ya kau da kai shi ake zargi. Ki gaya wa yaranki wannan tun a gida, ki kuma gaya wa malamansu a ranar farko.

Sai batun horo. An hana bulala a makarantun gwamnatin Ingila tun 1987, kuma kowace makaranta tana da jami'in da aikinsa shi ne lura da lafiyar yara da walwalarsu. Yaro ya zo da shatin duka a jikinsa, ko ya faɗa cikin wasa cewa an zane shi jiya, wajibi ne makaranta ta bincika, tana iya kai maganar ga hukuma. Haka nan fashin makaranta ba dalili yana jawo tara: tun Agustan 2024 fam 80 ne a kan kowane yaro ga kowane ɗaya daga cikin iyaye, idan ba a biya cikin kwana 21 ba ya koma 160. Ranar Sallah ana ba da izini idan an sanar, amma zuwa gida biki ko suna sai a dogon hutu na mako shida, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba.

Ra'ayina, ku zo da ita. Ke za ki fi kowa bukatarta, ita ma a wannan shekarun uwa take bukata.

Tsohon shugaban makarantar sakandare, Pantami:

Hajiya, Allah ya sanya albarka a wannan tafiya. Na karanta bayanin 'yar'uwarmu ta Leeds, na kuma ƙaru da shi, amma ina roƙon ki ji ɗaya ɓangaren kafin ki yanke hukunci, domin maganar surukarki ba tsoro kaɗai ba ne, akwai lissafi a cikinta ko da ba ta faɗe shi da harshen boko ba.

Bizar maigidanki a ɗaure take da aikinsa, taku kuma a ɗaure da tasa. Idan aikin ya tsaya saboda kowane dalili, kwana 60 aka saba ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya tattara ya fita. Ba fata nake yi ba, amma dokokin shige da fice na Birtaniya sun sha sauyawa a 'yan shekarun nan: a Janairun 2024 an hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, a Maris na shekarar kuma aka hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da nasu iyalin. Ma'aikatan jinya da likitoci ba su shiga wannan hani ba, amma mai iyali ya kamata ya tambayi kansa, idan ta kama a dawo, wane yaro ne zai fi asara? Ƙananan ko'ina aka kai su za su ɗora. Babbar kuwa tana iya dawowa ba GCSE a hannu, ga sa'o'inta sun yi nisa da manhajar WAEC. Manoman rani na Dadin Kowa suna dasa tumatir ne tun yana ƙarami, ba sa tumɓuke shi bayan ya fara fure.

Idan ta zauna, za ta rubuta WAEC da NECO tana gab da cika shekara 17. Da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, ƙofar JAMB a buɗe take gare ta, kuma a jiharmu da maƙwabciyarmu Bauchi akwai jami'o'in da ke koyar da aikin likita. Idan kuma can ɗin ake so, jami'o'in Birtaniya sun san takardar WAEC, suna ɗaukarta a matsayin GCSE, sai ta ƙara karatun shekara biyu na gaba da sakandare kafin jami'a. Abin kiyayewa ɗaya ne, kuma babba ne: dole a nema mata bizar bin iyaye kafin ta cika shekara 18, in ba haka ba ta fita daga sahun yaran da ake ɗauka a ƙarƙashin uba.

Akwai kuma batun kuɗin jami'a, wanda iyaye da yawa ba sa tunawa sai ya zo. Makarantar sakandare kyauta ce, jami'a ba haka take ba. Kafin a ɗauki ɗalibi a kuɗin 'yan ƙasa a Ingila, ana bukatar ya zauna shekara uku a ƙasar, ya kuma samu izinin zama na dindindin. Wanda bai cika wannan ba kuɗin baƙi zai biya, kuma na karatun likita ya fi ƙarfin albashin ma'aikacin jinya nesa ba kusa ba. Na yarda wannan hujja tana iya juyawa ta goyi bayan tafiya da wuri, domin shekarun zama daga ranar sauka ake fara ƙirga su. Ku zauna da maigida ku yi wannan lissafi da alƙalami.

Ni dai da jikata ce, da na bar ta ta sauke haddarta. Izu 40 da suka rage ba ƙaramin aiki ba ne, kuma na ga yadda hadda ke zubewa idan aka raba yaro da malaminsa da abokan muraja'arsa.

Ɗaliba 'yar Azare, yanzu a jami'a a Ingila:

Ina gaida iyayena da suka riga ni magana. Baba na Pantami, a gafarce ni, zan ɗan saɓa muku a wuri ɗaya. Anti mai tambaya, ni aka kawo ni ƙasar nan ina tsakiyar aji na 10, daidai inda 'yarki za ta faɗa, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi yadda abin yake daga cikin aji.

Lissafi da kimiyya ba su ba ni wahala ba, wasu abubuwan ma mun riga mun yi su a gida. Amma akwai tarkon da iyaye ba su sani ba. A waɗannan darussa jarrabawar GCSE hawa biyu ce, akwai ƙaramar takarda da babbar takarda. Sakamako daga 9 yake sauka zuwa 1, 9 ne ƙololuwa, 4 kuma shi ne matakin ci, wanda ya rubuta ƙaramar takarda kuwa ba zai wuce 5 ba ko da bai faɗi tambaya ɗaya ba. Sabon ɗalibin da ba a san ƙoƙarinsa ba sau da yawa rukunin ƙasa ake fara ajiye shi. Haka aka yi mini, sai da mahaifina ya je da takardun sakamakona na gida ya nemi a gwada ni, sannan aka mayar da ni rukunin sama. Mai son karatun likita ba ta da abin yi da ƙaramar takarda. Ku je da sakamakonta na JSS1 zuwa SS1 da manhajar da ta bi, ku kuma yi wannan tambaya a makon farko, kada kunya ta hana ku.

Inda na sha wuya shi ne adabin Turanci da tarihi. Ana karanta wasan kwaikwayo ɗaya na Shakespeare, da littafin labari na ƙarni na 19, da tarin waƙoƙi, kuma ba a tambayarki abin da ya faru a labarin, ana tambayarki ra'ayinki ne da hujjarki daga cikin nassin. Mu da muka saba malami ya rubuta a allo mu kwafa mu haddace, sai na ga kamar an ce in yi wa malami gardama. Ga Turancin mutanen Yorkshire, wanda a makonnin farko rabinsa kawai nake kamawa, alhali a Azare ni ce ta ɗaya a Turanci. Idan tana da Larabci mai ƙarfi daga Islamiyya, akwai shi a GCSE, ana iya roƙon makaranta ta yi mata rajistarsa ko da ba a koyar da shi a can. Hausa dai babu.

Lokacin cin abincin rana ya fi kowane darasi tsawo a wurina. Ɗalibai sun san juna tun aji na 7, kowa da teburinsa, ni kuma ina zaune a gefen taga da farantina ina yin kamar ina karanta jadawalin darussa. Wata yarinya 'yar asalin Somaliya ce ta fara zuwa ta tambaye ni ko na san ɗakin da ake sallar Azahar, ta raka ni, daga nan na samu mutane. A Bradford wannan zai zo mata da sauƙi, domin a ƙidayar 2021 kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen yankin Musulmi ne, hijabi ba baƙon abu ba ne, makarantu da yawa kuma suna dafa naman halal. Sai dai yawancin masallatan na 'yan asalin Pakistan ne mabiya mazhabar Hanafiyya, za ku ga La'asar ɗinsu tana yin baya da tamu, wani lokaci ma ranar Sallah takan bambanta tsakanin masallaci da masallaci.

Game da hadda, Baba ya yi gaskiya, tana zubewa idan aka sake. Amma akwai makarantun yamma a masallatai bayan an tashi daga boko, ni kuma da malamata ta gida na ci gaba ta WhatsApp. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya ne da Najeriya, sauran watannin kuma awa ɗaya ce tsakani. Wanda na fi ji wa tsoro ba babbar ba ce, autar ce. Ƙanena da ya zo yana ɗan shekara 5 yau yana jin Hausa amma da Turanci yake amsawa, idan kakarmu ta kira sai dai a riƙa yi musu tafinta. Babbar 'ya a gida ita ce ke riƙe wa ƙanne harshe, domin da ita suke hira ba da iyaye ba.

Anti, a duk bayaninki ban ji abin da ita yarinyar ta ce ba. A tambaye ta, ba a gaban Hajiya ba.

Uwar yara uku, Tudun Wada, Gombe:

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Baba na Pantami, na tura wa maigida maganarku ta kuɗin jami'a, ya ce bai taɓa kawo ta a ransa ba, zai bincika yadda shekarun za su kama. Ƙanwata 'yar Azare, na bi shawararki, na zauna da yarinyar mu biyu bayan Isha'i. Ta ce tana son tafiya, amma tana tsoron a ce ta guji kakarta, tana kuma tsoron ta koma ta baya a aji bayan ta saba zama ta gaba. Maganar Hajiya kuwa na ce wa maigida ba ni ce zan kai ta ba, shi da yayansa ne za su same ta.

Tambayata ta ƙarshe: tunda zango ɗaya zai wuce ta, ba za a iya roƙon a mayar da ita aji na 9 ba, ta fara GCSE ɗin daga tushe a Satumba? A nan gida da kaina zan je in nemi a yi mata haka.

Mutuniyar Bauchi mazauniyar Leeds:

Ana iya roƙo, 'yar'uwa, doka ta ba iyaye damar neman a sa yaro a ajin da ba na shekarunsa ba, amma ba haƙƙi ba ne da za ki tsaya a kansa. Hukumar da ke kula da ɗaukar ɗalibai a makarantar ce ke yanke hukunci, bayan ta ji ra'ayin shugaban makarantar, kuma idan suka ba ta gurbi a aji na 10 suka ƙi na 9, babu ɗaukaka ƙara a kan wannan. Abin da zai taimaka miki shi ne haihuwar Yuni ce, wato tana cikin ƙananan ajinta, ga shi kuma daga wata manhaja ta fito. Ki rubuta roƙon tare da takardar neman gurbin, ki haɗa da wasiƙa daga makarantarta ta Gombe mai bayyana darussan da ta yi da matsayinta a aji. Ki kuma tambaye su ko gurbin aji na 9 ɗin ma akwai shi, domin wani lokaci amsar a nan take tsayawa.

Kafin ku taso, ki karɓi katin rigakafin kowane yaro da takardun haihuwarsu na asali, domin za a nemi tarihin allurarsu lokacin rajista da likitan unguwa. Gwajin tarin fuka kuma sharaɗi ne ga mai neman biza daga Najeriya, a asibitocin da Birtaniya ta amince da su kaɗai ake yin sa, takardar kuma wata shida take aiki, saboda haka ku daidaita ranar gwajin da ranar da za ku shigar da takardun biza.